Guɗar da Na Yi Ranar da Ubanka Ya Hwaɗi

Da sunan Allah na hwara.

Zuwa ga autana Sha'aibu. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Allah shi kai ka Yamai wurin karatu lahiya, shi tsare ka da sharrin hanya, da direba mai gaugawa, da abokin da bakinshi ya cika daɗi. Na sa yayarka Barira ta cusa takardar ga ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli, na ce ta gaya maka kar ka buɗe sai kun wuce Ƙonni. Da dalili. In ka karanta kusa da gida sauka za ka yi ka dawo, ni kuwa ba ni da bakin maimaita maka wanga zance ido da ido.

Rubutun ka yi haƙuri da shi. Rani biyu na yi a karatun yaƙi da jahilci, shi ma rabin lokacin hira muke. Kwana tara ina bisa wagga takarda. Inda ka kasa ganewa ka ƙanƙance ido, kai ne ɗan lakkwal mai karatun boko.

Wata Talata da la'asar ina tsigar zogale bayan zaure, kai da abokanka kuna shan shayi. Kun ɗauka tsohuwa ba ta ji. Wani ya ce, "Yamai hwa ba Maraɗi ba ce, can ƴan makaranta in sun hita marshi, zanga-zangarsu, sai ka ɗaure wando." Wani ya ce, "Ku bar Sha'aibu, ɗan auta ne, shina shaƙar barkonon tsohuwa zai hau kiran inna." Sunka yi dariya. Kai ba ka yi ba. Ka ce, "Ni da masu kaki akwai jini tsakaninmu. Ranar da munka haɗu bisa kwalta ba kwali zan riƙe ba. Ubana bai ja da baya ba, ni ma ba ni ja."

Na aje ƙwaryar. Ba don maganar baƙuwa ce ba. Don tawa ce. Ni na zuba maka ita a kunne tun kana shekara shida, kuma ba gaskiya ba ce.

Ka hwara jin wanga tukuna, kar ka ce tsoro ya sa tsohuwa sambatu. Ba hana ka hita zan yi ba. Talaka in an take shi shina da ikon shi tara ƴan uwanshi su taka har ƙohwar mai mulki su ce ga abin da ke cin ranmu. Ubanka ya ce min har cikin dokar ƙasa an rubuta haka. Ni ban karanta ba, amma ko ba a rubuta ba hankali ya ba da shi. Wanda ya ce maka ka zauna ɗaki ka yi shiru komi anka yi maka, ba masoyinka ba ne. Yadda ake hitar ce nake son in gaya maka, don ni na ɓata ta, ba sau ɗaya ba.

Wauta ta hwarko ina goyon Barira na yi ta. Lokacin jam'iyyu sun yi yawa, kowace da kiɗanta. Wata mata ta zo unguwarmu nan Jiratawa da zannuwa masu huskar wani mutum, ta ce akwai mitin a Maraɗi, akwai makaɗa, akwai shinkahwa. Munka ɗaura, anka loda mu cikin kamyo, babbar motar kaya, kamar buhunan albasa. Da munka isa sai anka ce ai ƴan wancan gehen suna nasu taro, mu je mu nuna musu mun hi su yawa. Ban tambayi komi ba, na bi. Ana zuwa anka kaure. Ni da hannuna na hizge kallabin wata mata na tura ta ƙasa, ta ɗago sai na ga Hassu ce, ɗiyar ƙanwar uwata ta Tsibiri, da nata zanen mai huskar wani mutum daban. Ta ce, "Tsahara, ke ce? Mi na yi miki?" Ita ma ba ta san abin da ya kawo ta ba. Masu huskokin kuwa ranar ko ɗaya bai taka Maraɗi ba.

To duk wanda ya kira ka hita, ka tambaye shi mi ake nema, ka ji ko shina iya hwaɗa maka cikin magana biyu. Ka tambaye shi ina shi zai tsaya, gaba ko bayan gilashin mota, kuma ɗanshi zai zo? In kuma anka ce ku je ku watsa taron wasu, ka juyo. Su ma taruwa sunka yi kamar yadda kake son a bar ka ka taru. Ko maganarsu ta yi maka wari, ka bar su su yi ta.

Yanzu babbar.

Kai ba ka taɓa jin guɗata ba, ko ka ji ka manta. Tambayi manyan matan Jiratawa. A Tsibiri anka haihe ni, kakata cikin Anna take, ba ta salla, ita ake kira in za a yi kokowa ko maharauta za su shiga daji. Ita ta koya min yadda ake kama hanci a sako muryar daga can ƙasan ciki. Ta sha ja min kunne cewa ba wasa ba ce, kar in yi ta ga namijin da ranshi ke ɓace. Na gani da idona, ɗan kokowa ya gaji har gwiwa na rawa, ta rangaɗa mishi guda ɗaya ya miƙe ya ɗaga abokin karonshi ya buga da ƙasa. Da na yi aure ba bikin da ake yi ba a aiko min ba. Ana yaba ni, ina jin daɗi. Har ta zame min jiki, in na ga abin burgewa hannuna ne ke kai hancina ban shirya ba.

Shekarar da abin ya hwaru, ruwa ya ɗauke a gonakin rani. An yanke ma injinan da ke jawo ruwa kuran, wato wutar lantarki, kanal ɗin da ke kai ruwa gonaki ta bushe har yara na wasa ciki. Tattasai ya yi hure, albasa ta kusa kai, duk suna ƙonewa muna kallo. Dattawa sun je, sun aika takarda, sun koma, kullum a ce a dawo jibi. Daga ƙarshe anka ce to gari duka shi taka zuwa Maraɗi, maza da mata. Ba da sata anka yi ba, an sanar, an karɓo izini.

Ubanka na cikin waɗanda anka ɗaura ma hwarin ƙyalle a dantse, aikinsu su bi gehen taro su tsare layi. Da sahe a bakin gari ya tsaya ya ce, "Ba sanda, ba lauje, ko wuƙar yankan albasa ban yarda ba. Kowa shi tuge busasshen tattasai guda daga gonarshi shi riƙe, shi ne maganarmu." Ya bi samari shina lalube aljihu, shina karɓe danƙon harbin tsuntsu. Wani ya ce, "Haba Baba, ko goro ba ka bari?" Ya ce, "Cinye shi nan gabana, na san hannunka." Anka yi dariya, munka kama hanya.

Muna shiga gari mutane sunka yi ta ƙaruwa. Samarin Sabon Gari da na wasu unguwanni sunka shigo cikinmu, kowa da abin da ke damunshi, su ba wanda ya lalube aljihunsu. Kahin mu kai inda za a miƙa takarda, sai ga masu kaki sun ja layi sun datse kwalta. Babbansu ya ce mutum biyar su shiga, sauran su jira. Ubanka ya ce kowa shi zauna. Munka zauna bisa kwalta mai zahi da tattasanmu a hannu. Rana ta yi ta hawa, dattawan da sunka shiga shiru. Shi shina tsaye tsakani, ya ba masu kaki baya, ya hwuskance mu, hannu a buɗe. Ina kusa, ina ganin komi. Akwai wani cikin masu kakin, bai hi shekarunka na yau ba.

Wani tsoho namu ya tashi zai koma inuwa, ya ratsa kusa da layinsu, ɗayansu ya ture shi ya hwaɗi. Sai wani saurayi, ba ɗan garinmu ba ne, ban san shi ba, ya miƙe ya saki dutse. Ya sami hular ƙarhen wanda ya yi turin, ƙwal, kowa ya ji. Ubanka ya ɗaga murya, "Ku zauna! Don girman Allah ku zauna! Ba abin da munka zo yi ke nan ba!" Kuma wallahi, Auta, an hwara zama. Waɗanda sunka miƙe suna komawa ƙasa ɗaya ɗaya. Har an kama hannun saurayin ana jan shi.

Nan na yi ta.

Jihwar ta burge ni, shi ke nan, ba ni da wani dalili da zan ba ka. Raina na ɓace don tsohon da anka ture, na ga an rama mishi, na ji kamar a hilin kokowa nake an yi kaye. Na rangaɗa guɗa irin wadda ban taɓa yi ma amarya ba. Matan da ke bayana sunka karɓa. Ka san abin da guɗar mata ke yi ma saurayi a gaban jama'a. Wanda ya zauna bayan wannan ya zama ba namiji ba. Sunka miƙe gaba ɗaya, har namu da anka karɓe ma danƙo, suna tsintar duwatsun bakin hanya.

Ubanka ya san muryata cikin mata dubu. Ya juyo da kai ya same ni cikin taron. Ya dai dube ni irin kallon da yake min in na yi magana marar kan gado gaban baƙo. Shi ne ganina da shi na ƙarshe da rai.

Daga nan duwatsu, sai hayaƙin ga mai cin ido, sai ƙarar da na ɗauka ƙyauren shago ake bugawa. Na ruga. Ban neme shi ba, ban kira sunan kowa ba, na tattake wata mata na wuce, na tsinci kaina cikin wani gida ba takalmi ana zuba min ruwa a huska. Da yamma anka hwasa shagunan mutanen da ba ruwansu a Sabon Gari. Rediyo ta kwana biyu tana zancen ƴan tarzoma, ba wanda ya ƙara ambatar tattasai. Ruwa ya dawo bayan komi ya mutu.

Kar ka ce na wanke wanda ya harba. Guɗa ba ta huda mutum. Wanda ya ɗaga bindiga bisa manoman da sunka zo da busasshen ganye, da wanda ya ba shi oda, ban yahe ba, Allah na jiransu. Wanda ya ture tsoho ma da nashi. Nasu daban, nawa daban. Amma na san an kusa zama, kuma na san wa ya hana.

Abin da nake tsoro gare ka shi ne bakinka, don nawa ka ɗauko. Kana magana mutane na tsayawa, na gani tun kana ƙarami, kuma kana jin daɗin abin kamar yadda na ji. Gobe za su miƙa maka amsa-kuwwa su ce Sha'aibu yi musu. To ka sani taro in ya yi zahi ba kunne gare shi ba, ƙara kawai yake jira. In wani ya saki dutsen hwarko, kar ka yi mishi tahi, kar ka yi ihu, kar ka yi ko murmushi. Wanda ke kusa da kai ka riƙe rigarshi. Ka zama mai cewa a zauna, ko za su kira ka matsoraci, ko za su ce an saye ka. Za su ce. Ubanka ma an ce mishi a hanya, shina tahiya shina jinsu. In ka ga abin ya hi ƙarhin baki, ka ja waɗanda ke jin maganarka ku bar wurin, ku dawo wata rana. Maganar da kunka je da ita ba ta mutuwa don kun ja baya, amma tana mutuwa in anka hwara ƙirga gawa da shagunan da anka ƙone.

Laihina na bayan wannan ya hi daɗewa, don shekara da shekaru na yi ina aikata shi. Ina cikin takaba mutane ke shigowa suna cewa ya mutu gaba-gaba, namijin duniya, ya tari bindiga da ƙirji. Na yi shiru. Matan da sunka karɓi guɗar su ma sunka yi shiru, kowa na tsare kanta, in mun haɗu a rijiya sai zancen tsadar hatsi. Da ka hwara tambaya ina Baba, na ba ka labarin da ya hi min sauƙi. Na ce ya tsaya ya yi hwaɗa da su. Na koya maka tohar da yawu in motarsu ta wuce, kana yi ina cewa yawwa ɗan ubanshi. Maƙwabciyarmu Iya Mariyama na daina gaishe ta har ta mutu, don ɗanta na sa kaki, alhali ranar shina can gabas wurin aiki, bai ma san an yi ba. Duk lokacin da na ga hushin na girma cikinka sai in ji sanyi, don muddin kana kallon su ba ka kallona. Bikin Barira anka yi ta jira in yi ma ɗiyata guɗa, na ce maƙogwaro ke ciwo. Ƙarya ce.

Harsashin ta baya ya shige shi. Tambayi Bappanka Idi, shi ya yi mishi wanka. Ta baya, don mu yake kallo. Ubanka bai mutu shina hwaɗa da masu kaki ba, ya mutu shina hana mu. In gadonshi kake son ɗauka, to ga shi nan, ba wanda na ba ka ba. Wanda ka hwaɗa a zaure nawa ne, ka yar da shi. Yaron da za ka tarar cikin kaki a Yamai ba shi ya kashe ubanka ba, wataƙila ranar ko yaye shi ba a yi ba. Ka je da maganar da ta hito da ku, ta karatu ce, ta abinci ce, ko mi ce. Kar ka ɗauki mamacinka ka kai shi cikin taron mutane, su ba su san da shi kake tahe ba, kuma su za su kwasa.

Saura guda, ƙarama ce amma ita ke hana ni cin abinci wani lokaci. Ana gobe za a hita na wanke mishi riga ban duba aljihu ba, katin dantitenshi, na shaidar ɗan ƙasa, na ciki, ya jiƙe. Na shanya bisa rumbu. Da sahe ya ce in miƙo, na ce, "Bai bushe ba, lalacewa zai yi. Wa zai tambaye ka kati cikin wanga taro, kowa ya san ka." Ya ce to, ya hita.

Da ya hwaɗi duk wanda ya san shi ya watse. Wasu bayin Allah ƴan gari sunka ɗauke shi zuwa likita, da ranshi. Anka tambaye shi suna, ba baki. Anka duba aljihu, ba komi. Ni kuwa wani ya ce min ya ga an jehwa masu hwarin ƙyalle cikin mota, sai na ɗauka kama shi anka yi. Kwana biyu ina zagaya wuraren da ake tsare mutane da hura a ƙwarya, ina zage-zage a bakin ƙohwa, ana kora ta. Ashe shina kwance tahiyar da ba ta kai ta zuwa gonarmu ba daga inda nake tsaye. Ya kai har la'asar ɗin washegari. Wata mai aiki can ta ce min idonshi a buɗe yake, duk wanda ya shigo sai ya bi shi da kallo. Rana ta uku Bappanka ya gano shi a ɗakin gawa, da ƴar takarda ɗaure a ƙahwa an rubuta ba a san ko wane ne ba.

Don haka duk ranar da za ka hita, ko an ce maka zaman lumana ne tsantsa, ka ɗauki katinka. Ka rubuta sunanka da Jiratawa da lambar Barira a takarda, ka naɗe cikin leda, ka sa aljihun wando, ba na riga ba, riga ana yage ta. Kar ka dogara da talho ɗin hannu, waya ita ke hwara ɓacewa. Ka gaya ma mutum guda wanda ba zai hita ba inda za ku bi. Ba mugun hwata nake maka ba. Amma in abin ya zo, ina son in iso kana ganin mai shigowa.

Na gama. Ban roƙe ka ka yahe min ba, don ba a roƙon wanga ta takarda, kuma ban san ko ni ce kai zan iya ba. Barira ta sani tun jiya, ta yi kuka ta tashi ta ɗora tukunya.

Allah shi tsare gabanka da bayanka. Allah shi sanyaya zuciyarka ranar da ta kowa ta yi zahi, shi sa hannun mai bindiga shi yi nauyi in ya zo kanka da kan ƴaƴan mutane. Allah shi ba ka abin da ka je nema, shi jiƙan ubanka. Ka gaida mai masaukinka, ka riƙe salla, ka ci abinci.

In an yi hutu, in kana iya kallona, ka shigo ka ci tuwo. In ba ka iyawa ka sauka gidan yayarka, ba zan yi hushi ba. A dai aiko a ce min da ƙahwarka ka shigo gari.

Ni ce uwarka,
Tsahara, Jiratawa.